"A yi haƙuri, a yi haƙuri": to har yaushe?

Maman Rahila:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ku gafarce ni da dogon rubutu da tsakar daren nan, barci ne ya ƙi zuwa. Da yawanku kun san shagona yana cikin waɗanda suka ƙone a gobarar kasuwar Adum, nan Kumasi, ta watan Maris 2025. Rabin atamfofin da ke ciki bashi na ɗauko, har yau ina biya. Ban gama share wannan hawayen ba sai Baban Rahila ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa a Suame Magazine, unguwar makanikai, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ke sauke injin babbar mota, yau ni ke ba shi koko a baki. Duk wanda ya shigo dubiya maganarsa ɗaya ce: a yi haƙuri. Na ji ta har ta soma yi mini ɗaci. Makon jiya wata ta ja ni wurin wani mai addu'a, ya kalle ni ya ce akwai zunubin da nake ɓoyewa, sai na tuba na kawo baiko na musamman kafin hanya ta buɗe. Tun da na dawo na kasa buɗe baki in yi addu'a. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye muku ba, har da Allah nake fushi. Na fita daga sahun masu haƙuri ke nan? Jinƙan da muke rerawa kowace Lahadi, ina ya maƙale?

Saratu:
Wayyo Mama. Sannu. Ban ma san me zan ce ba.

Ɗan'uwa Filibus:
Mama, kada ki bari Shaiɗan ya sa miki irin wannan magana a baki. Wahala ba rabon 'ya'yan Allah ba ce. Ki tashi da azumi na kwana uku, ki ƙi wannan ciwo da sunan Yesu. Ayuba ya rasa tumaki 7,000, Allah ya mayar masa da 14,000. Raƙuma 3,000 suka koma 6,000. Ninki biyu yana zuwa gidanki, ki ce amin!

Yaron Asawase:
To ga shi nan, an fara. Mace ta ce tana jin zafi, an ce ta ƙara da yunwa.

Baba Iliya:
Filibus ɗana, na san da kyakkyawar zuciya ka yi magana, amma ka tsallaka daga sura ta 1 ka dira a sura ta 42, ka bar surori arba'in a tsakiya. Can kuwa Ayuba ya fi daɗewa.

Maman Rahila, 'yata, ki buɗe sura ta 3 in kin samu sarari. Mutumin nan da muke kafa misali da haƙurinsa, da ya buɗe baki, ranar haihuwarsa ya la'anta. Ya ce me ya sa bai mutu tun a ciki ba. Gaba kaɗan ya ce yana so ya san inda zai sami Allah ya kai ƙararsa gabansa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, da suka zo sai suka zauna da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan. Wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka fara magana, maganar mai addu'arki suka yi sak: ka bincika kanka, ba a banza Allah ya buge ka ba. To ki duba 42:7. Da Allah ya zo yanke hukunci, da su ya yi fushi, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar bawansa Ayuba. Mai kuka da gardama shi aka ce ya faɗi daidai. Masu kare Allah da baki su aka ce sai Ayuba ya yi musu addu'a kafin a ƙyale su.

Saboda haka ba ki fita daga ko'ina ba. Wanda yake fushi da Allah har yanzu yana magana da shi ne. Ni wanda ya daina damuwa gaba ɗaya nake ji wa tsoro.

Ɗan'uwa Filibus:
Baba, da girmanka, amma ƙarshen labari ai shi ne abin dubawa. An ninka masa ko ba a ninka ba?

Maman Rahila:
Filibus, an ninka masa 'ya'yan da ya binne? Goma suka mutu rana ɗaya. An ba shi wasu goma, na sani. Amma ka tambayi duk macen da ta taɓa binne ɗa ko wanda ta haifa daga baya ya share mata na farko. Kuma tun da abin nan ya same ni na daina zagin matar Ayuba. Kullum a wa'azi ita ce mara bangaskiya saboda magana ɗaya da ta fita bakinta. Ita ba 'ya'yanta ba ne suka mutu? Wa ke wanke masa gyambon?

Saratu:
Mama kin faɗi abin da ban taɓa jin wani fasto ya faɗa ba.

Baba Iliya:
Ni ma shekara talatin ina koyar da littafin nan ban taɓa tsayawa a wurin matar ba. Na karɓi gyara.

Bari in ƙara abu ɗaya. Wasiƙar Yakubu 5:11 ita ce ta haɗa abubuwa biyun da kika tambaya. Ya ce kun ji jimirin Ayuba, kun kuma ga yadda Ubangiji ya ƙarasa al'amarin, domin shi mai yawan tausayi ne da jinƙai. Kalmar da aka fassara jimiri, a Helenanci asalinta "zama a ƙarƙashi" ne, wato ka tsaya ƙarƙashin kaya ba ka gudu ba. Ku tuna 'yan matan kayaye a Kejetia. Yarinya ta ɗauko buhu a ka, tana nishi, tana gumi, wani lokaci tana kuka, amma tana tafiya. Ba wanda zai ce don ta yi nishi ba ta ɗauki kayan ba. Mu ne muka mayar da haƙuri ya zama rufe baki.

Yaron Asawase:
Baba, misalinka ya yi daɗi, amma ni tambayata ita ce wa ya ɗora mata kayan? Yarinyar da ta taso daga Walewale tana kwana a bakin shago, a biya ta abin da bai kai ya kawo ba, sai kuma a zo a yabi jimirinta? Ni abin da ya sa na rage zuwa coci ke nan. Talaka ake wa wa'azin haƙuri. Ban taɓa ganin an tara masu kuɗi an ce su yi haƙuri ba.

Baba Iliya:
Ka karanta wannan sura ta 5 ɗin daga farko. Kafin Yakubu ya ce wa kowa ya yi haƙuri, masu arziki ya fara yi wa tatas, ya ce hakkin ma'aikatan da suka yi musu girbi, wanda suka danne, yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Aya ta 7 ce ta fara maganar haƙuri. In masu wa'azi suna farawa daga 7 suna tsallake 1 zuwa 6, ka kama su da laifi, zan taya ka.

Yaron Asawase:
To shi ke nan, zan duba. Amma ban janye ba.

Anti Nas:
Ku yi mini uzuri in katse tauhidin nan. Maman Rahila, yana shan maganin hawan jininsa kullum? Don Allah kada wani ya ce ku ajiye magani don nuna bangaskiya. Na ga waɗanda aka ɗauke daga asibiti aka kai sansanin addu'a, aka dawo mana da su bayan jiki ya sake shanyewa, wasu ba su ƙara magana ba. Kuma azumin kwana uku ga macen da ke ɗaga namiji ita kaɗai, Filibus, in ta faɗi kai za ka zo ka ɗaga su biyun? Watannin farko su ne suka fi muhimmanci ga gashin jiki da motsa gaɓoɓi. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu in ba ya iya juyawa da kansa, don kada bayansa ya yi gyambo. A rage gishiri da magi. Ki duba katin inshorar lafiyarsa ko wa'adinsa bai ƙare ba, ana sabuntawa ta waya.

Maman Rahila:
Yana sha, Anti. Juyawar ce ke gagara ta da dare, nauyi gare shi.

Katekis:
Barkanmu da dare. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Mu a Katolika akwai abin da ake koya mana tun muna yara a Navrongo: in wahala ta zo wadda ba ka iya kawar da ita, kada ka bar ta ta zube a banza, ka miƙa ta ga Allah haɗe da shan wuyar Almasihu a kan gicciye, domin wani. Tushensa maganar Manzo Bulus ce a Kolosiyawa 1:24. Paparoma John Paul na biyu, wanda ya zo nan Kumasi a 1980, ya rubuta doguwar wasiƙa a kan ma'anar shan wuya a 1984. Kuma ba daga kan kujerar hutu ya rubuta ba. An harbe shi a dandalin Bitrus a watan Mayu 1981, ya sha da ƙyar, a ƙarshen 1983 ya bi wanda ya harbe shi har kurkuku ya zauna da shi. Shi ne kuma a shekarar 2000 ya keɓe Lahadin da ke bin Ista ta zama ta Jinƙan Allah, ranar da ya sa Sista Faustina cikin tsarkaka. Ita 'yar ƙasar Poland ce, tarin fuka ya kashe ta a 1938 tana da shekara 33. Daga wurinta muka sami addu'ar ƙarfe uku na rana, sa'ar da Yesu ya mutu. Gajeruwa ce ƙwarai: Yesu, na dogara gare ka. Mama, in doguwar addu'a ta gagara, wannan ba ta da nauyi.

Ɗan'uwa Filibus:
Katekis, nan fa ba zan yi shiru ba. Yesu ya ce an gama. Me ya rage da Maman Rahila za ta ƙara da ciwon mijinta? Wannan koyarwa ce ke sa mutane su rungumi ciwo kamar abin ado.

Katekis:
Ba mu ce jininsa ya gaza ba, ƙanena. Fansar ta cika. Abin da muke cewa shi ne ya ba mu damar mu sa hannu, kamar yadda Saminu Bakurane ya ɗauki gicciyen na ɗan lokaci a hanya. Kuma in da rungumar ciwo muke yi, da ba mu cika ƙasar nan da asibitoci ba. Ka je Duayaw Nkwanta, ka je Berekum, ka je Jirapa ka gani. Ana yaƙar ciwo iyakar ƙarfi. Abin da ya ƙi tafiya shi ake miƙawa.

Baba Iliya:
Ni da Katekis mun shekara muna wannan gardama a kan benci ɗaya, ba yau za mu gama ba. Ban yarda da shi a kan fassarar ayar Kolosiyawa ba. Amma kai ma Filibus ka amsa mini 2 Korintiyawa 12. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa. Ba a cire ba. An ce masa alherina ya ishe ka. Bangaskiyar Bulus ce ta yi kaɗan? Ko baikonsa ne bai kai ba?

Ɗan'uwa Filibus:
Ban ce haka ba Baba. Amma ni na ga warkarwa da idona. Mahaifiyata likitoci sun sallame ta, yau shekara shida tana sayar da waakye a Sawaba. Ba zan iya ce wa mutum ya zauna ya jira kawai ba.

Baba Iliya:
Mun gode wa Allah saboda ita, kuma ba wanda ya ce a daina roƙon warkarwa. Ni ma ina roƙa wa Baban Rahila kowace safiya. Inda muka rabu shi ne ranar da warkarwa ba ta zo ba. A koyarwarka, laifin sai ya koma kan mara lafiya. Yesu kuwa ya rufe wannan ƙofar har sau biyu. A Yahaya 9 almajirai suka tambaye shi game da wanda aka haifa makaho, shi ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. A Luka 13 ya kawo maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi? A'a. Ku tuna daren 3 ga Yuni 2015 a Circle, can Ankara (Accra), ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai, sama da mutum 150 suka tafi. Yawancinsu fakewa suka yi daga ruwan sama. Na ji wani da kunnena yana cewa hukunci ne. Na ce masa to kai da ka kwana lafiya, tsarkinka ne ya tsare ka?

Malam Inuwa:
Assalamu alaikum. Kun san ni baƙo ne a zauren nan, maƙwabtaka da Baba Iliya ce ta shigo da ni, kuma ba zan shiga abin da ya shafi gicciye ba domin a nan mun sha bamban. Amma Annabi Ayuba namu ne mu duka. A Suratul Anbiya, aya ta 83, addu'arsa ita ce cuta ta shafe ni, kai ne kuwa mafi rahamar masu rahama. Ya faɗi ciwonsa, bai ɓoye ba, kuma Alƙur'ani ya shaide shi da haƙuri. Annabi Yaƙub ma, wanda ya ce haƙuri mai kyau, ya yi ta kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai nake kai ƙarar baƙin cikina. Malamanmu suna rarrabewa tsakanin kai kuka ga Allah da kai ƙarar Allah wurin mutane. Maman Rahila, Allah ya ba maigida lafiya, ya mayar miki da alheri.

Baba Iliya:
Amin Malam. Kalmar nan rahama da ka kawo, a Ibrananci ma tushenta ɗaya da mahaifa, kamar a Larabci. Shi ya sa a Ishaya 49:15 Allah ya kwatanta kansa da mace mai shayarwa, ya ce ko ita ta manta da jaririnta shi ba zai manta ba. Sai dai a wurinmu, Zabura ta wuce kai kuka, har tambaya take yi: don me ka yashe ni? Yesu da kansa ya ɗauki wannan tambayar a bakinsa a kan gicciye.

Malam Inuwa:
A nan kam mu za mu ja birki. Amma na ji.

Katekis:
Malam, ka tuna mini Istar 2019 da Babban Limamin ƙasa, Sheikh Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Ankara yana cika shekara ɗari. Zamanka a nan bai zama baƙon abu ba.

Saratu:
Ni akwai abin da ke cina tun ɗazu. Ciwo da gobara daban, ba wanda ya aiko su. Amma kalmar haƙurin nan ita aka yi ta faɗa wa yayata shekara tara mijinta yana dukanta. Ta je wurin iyaye, haƙuri. Ta je zumuntar mata, haƙuri, gicciyenki ne ki ɗauka. Sai da ya karya mata hannu. Wannan ma jimirin Ayuba ne?

Anti Nas:
Ba shi ba ne. Akwai dokar hana cin zarafi a gida tun 2007, akwai ofishin DOVVSU na 'yan sanda. Duk wadda ake duka ta je.

Katekis:
Saratu, wanda ya ce mata gicciyenta ne ya yi wa gicciye ƙarya. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, da gari ya waye aka ce ya tafi a ɓoye, ƙi ya yi, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun fitar da shi. Yesu ma da wani dogari ya mare shi gaban babban firist, tambayarsa ya yi don me ka mare ni.

Saratu:
To a riƙa faɗin wannan a kan bagade, ba a guruf da ƙarfe ɗayan dare kawai ba.

Yaron Asawase:
Yauwa.

Maman Rahila:
Na karanta duka. Baba, na buɗe sura ta 3 ɗin, na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun ranar gobara. Ba zan ce muku fushin ya tafi ba. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini ina jinƙan yake.

Baba Iliya:
Ba ni da amsar, 'yata. Ayuba ma da Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa, bai gaya masa dalili ba, har littafin ya ƙare. In kina neman abin karantawa da ba zai yi miki dole ki yi murmushi ba, ga Zabura 88. Ita kaɗai ce ta fara da kuka ta ƙare da duhu, aka kuma bar ta haka a cikin Littafi.

Amma akwai wata aya da ta tsaya mini a wuya tun da kika ce juyawar dare ke gagarar ki. Yakubu 2:16, mutumin da zai ce wa ɗan'uwansa mai yunwa ka sauka lafiya, ka ji ɗumi, ka ƙoshi, bai ba shi komai ba. Sau uku na zo gidanki. Sau ukun, a yi haƙuri na ce na tashi. Ban taɓa tambayarki wa ke taya ki da dare ba. Ki yafe mini.

Maman Rahila:
Haba Baba. Ba komai.

Ɗan'uwa Filibus:
Mama, ni ma in maganata ta yi miki zafi ki gafarce ni. Ban fasa gaskata cewa zai tashi ba. Amma ƙarfi ina da shi. Daren Talata da Juma'a zan zo in kwana a falo, ki yi barci.

Yaron Asawase:
A ba ni Laraba. Kada dai a ce in yi addu'a da ƙarfi.

Malam Inuwa:
Akwai keken marasa lafiya da mahaifina ya bari, yana nan a ɗaki, tayarsa ɗaya ce ke son gyara. Zan kai wa mai faci gobe in sha Allah.

Anti Nas:
Filibus da kai Yaro, kada ku taɓa shi sai na nuna muku yadda ake ɗagawa. Ba a jan hannun da ya shanye, kafaɗa tana gocewa. Asabar da safe ina hutu, ku same ni can. Saratu, ki ji da matan adashi ko za su yarda a ba Mama kwasar wannan watan.

Saratu:
Zan yi musu magana bayan sujada. Akwai mutum biyu da na san za su yi gunaguni, amma zan gwada.

Katekis:
Ni ƙarfe uku na gobe zan tuna da ku, ko Filibus ya yarda ko bai yarda ba.

Ɗan'uwa Filibus:
Ka yi abinka Katekis. Maganar Kolosiyawa dai ba mu gama ba.

Maman Rahila:
Na gode muku. Anti, in za ku zo Asabar ku sauka a bakin titi ku tako, in an yi ruwa mota ba ta shiga layinmu. Ga shi can ya farka yana kira, bari in je.